Tabo a Murfin Jarka

Ranar Litinin da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina murza wa gwiwata man zafi, sai ga mota ta tsaya a gabana. Direban ya leƙo ya ce Hajiya mai kamfanin roba ce ta aiko shi, an yi mata sata. Na ce ya koma ya gaya mata na ajiye wannan aiki. Ya ce ai ta san haka zan faɗa, shi ya sa ta ce a ƙara mini da cewa akwai mutum kulle a ɗakin ajiya, kuma ƙarfe huɗu na bugawa za ta miƙa shi ga 'yan sanda.

To, ka ji fa. Na ce a miƙo mini takalmina.

Bin sawu ne sana'ata. Da shanu na fara, tun ina da ƙafar gudu. Da gari ya cinye dajin sai na koma bin ɓarayin janareto da tayoyin mota. Shekara arba'in ina sunkuye ina karatun ƙasa, abin da na tara kawai ciwon baya ne da maƙiya. Yanzu in na durƙusa sai an ba ni hannu kafin in miƙe.

Kamfanin dogon zaure ne mai rufin kwano, injuna uku a jere, ko'ina warin roba mai zafi. Ranar babu mai aiki. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Injin tsakiya na tsaye baki buɗe, cikinsa wayam.

Hajiya ta tare ni a gabansa, ta cika ta yi fam.

"Baba, mazubina aka ɗauke."

"Mene ne kuma mazubi? Ni fa tsohon makiyayi ne."

"Ƙarfe ne gida biyu. Inji ya haɗa su, ya ɗura narkakkiyar roba a ciki, ya buɗe, murafan jarka takwas su zubo. Ya fi ƙattin maza uku nauyi." Ta numfasa. "Wata takwas na yi ina neman wanda zai ƙera mini shi. Kamfani uku na ƙasar waje na tuntuɓa. Na farko ya aiko samfur, murfin ya ƙi hawa bakin jarka. Na biyu ya daina ɗaga waya. Na uku ne ya yi, aka ɗoro shi a jirgin ruwa, ya yi wata biyu a hanya. Sati uku kacal ya yi yana aiki, Baba. Ranar Asabar aka tashi yana nan, jiya hutu, yau babu shi."

"An fasa ƙofa?"

"Ko ƙwarzane babu a jikin kwaɗon. Makulli biyu ne, ɗaya a jakata, ɗaya a hannun Dogo mai tuƙa injin."

Wata mata da ke tattara murafai a buhu, wadda suke kira Rediyo don ba ta da wurin kashewa, ta cafe: "Kuma ai kowa ya san Dogo ya taɓa zaman gidan yari. Ni dai ban ce komai ba."

Sauran suka gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne bai ɗago ba, wani dattijo a kusurwa, zaune a gaban teburinsa na ƙarfe yana juya ƙyalle a hannu. Hajiya ta ce Baba Maƙeri ke nan, mai gyaran mazubai, tun zamanin mahaifinta yake wurin.

Na zagaya injin. Maƙalai huɗu da ke riƙe mazubin suna jere a kan tsumma, kowanne an mayar masa da notinsa. Tiyo biyu na ruwa an haɗa bakinsu don kada su ɗiga. A jikin bango kuwa akwai feshin jan ruwa ya bushe. Ban san ma'anarsa ba tukuna, na dai ajiye shi a raina.

* * *

Dogo na zaune a kan buhun ƙwayar roba a ɗakin ajiya. Ƙato ne, ya kai shekara talatin da biyar, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya gaishe ni da ladabi, ya mayar da kai ƙasa.

"Ina kake jiya?"

"Gida."

"Wa ya gan ka?"

"Babu kowa. Iyalina sun yi tafiya."

"Makullinka fa?"

Ya nuna igiyar da ke wuyansa. "Bai bar jikina ba."

"Kai ka ɗauka?"

"A'a."

"To wa kake zargi?"

Sai ya yi shiru. Na saba da shirun mutane. Mai laifi in ya yi shiru idonsa ba ya zama wuri ɗaya, marar laifi kuwa ba ya ma iya shirun, rantsuwa yake har ka gaji. Shi wannan ya zauna ne kawai kamar mai jiran mota.

"Ka san in 'yan sanda suka tafi da kai, da tsohon sunanka a littafinsu, ba za a tsaya tambayarka da baki ba?"

"Na sani, Baba. Wata shida na yi a can. Faɗa ne, ba sata ba, amma wa zai tsaya bambancewa? Da na fito babu wanda ya yarda ya ɗauke ni ko shara. Baba Maƙeri ne ya kamo hannuna ya kawo ni nan, ya tsaya mini."

"Kuma ba ka da abin da za ka gaya mini?"

"Ba ni da shi."

Na fito raina a ɓace. Babu abin da ke gajiyar da ni kamar ceton mutumin da bai miƙo hannu ba.

* * *

An ɗaga mazubin da sarƙar da ke rataye a saman injin, an ɗora shi a amalanken ƙarfe na kamfanin, an fita ta ƙofar baya. Wannan ko makaho ya gani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne amalanken na nan a mazauninsa, har an sa masa dutse a ƙafa. Ɓarawo ya kai kaya, ya dawo da abin ɗauka, ya kulle ƙofa. Kai, ban taɓa ganin mai tarbiyya irin wannan ba.

Bayan kamfanin lungu ne mai ƙasa, tsakanin katanga biyu. Sawun tafiya ya nutse, na dawowa ya bi ta kansa shafal. Takalmin irin wanda kamfani ke raba wa kowa ne, bai gaya mini komai ba. Amma takun gajere ne, kuma mai shi yana jan ƙafar hagu.

Na bi a hankali. Da na yi taku ashirin gwiwata ta ce in tsaya, na tsaya, na dafa katanga. Sai na ga a ƙarƙashina tayoyin sun lotsa, alamar an daɗe a tsaye, ga kuma shatin tafin hannu mai maiƙo a katangar, dab da nawa. Na ƙara taku ashirin, na sake tsayawa, na sake tarar da shi ya riga ni. Sau shida muka huta tare, ni da ɓarawon, kafin mu kai bakin kwalta.

A nan sawun ya mutu. Ƙetaren titin tashar mota ce, tun asuba ƙafa dubu ta tattake wurin.

Na koma na gaya wa Hajiya cewa da Dogo ne, da ya tura wannan kaya har tasha bai tsaya shan iska ba. Ta ce, "Baba, ni ba lissafin taku na kira ka ka yi mini ba. Ko ka kawo mazubi, ko ka kawo suna." Na duba agogon bango, sha biyu ta gota.

* * *

Maigadi ya rantse mini da duk abin da ya sani cewa jiya ko fitsari bai je ba.

"A ina kake zama da rana?"

Ya nuna gindin katanga, a bakin lungun, inda inuwa take. "Nan nake shimfiɗa tabarmata."

"Madalla. Amalanke ya bi ta daidai nan, tafiya da dawowa. Ko dai ta kanka ya bi, ko ba ka nan. Juya in ga ko akwai sawun taya a bayanka."

Ya yi tsuru-tsuru, ya sha jinin jikinsa. Sai ya sassauta murya.

"Don Allah, Baba, ka rufa mini asiri. 'Yata ce ta haihu a asibiti. Na tafi sha biyu, na dawo biyu. Na ce ranar hutu ce, wa zai zo?"

"Wa ya san za ka tafi?"

"Ai ranar Asabar na faɗa a gaban kowa cewa an kwantar da ita."

"Me aka samu?"

"Mace."

"Allah ya raya. Kai kuma Allah ya shirye ka."

Ba shi ba ne. Mutumin da ya haɗa baki da ɓarayi yakan shirya ƙaryarsa tun da wuri, ba ya barin ta ta ruguje da tambaya biyu.

* * *

Rediyo ta ja ni gefe ta ce, ita dai ba ta ce komai ba, amma ranar Asabar Dillali ya zo da wani baƙo, baƙon ya yi ta ɗaukar mazubin hoto da waya. Dillali shi ne wanda ya haɗa Hajiya da kamfanin da ya ƙera shi. Aka kira shi, ya iso wajen ƙarfe ɗaya yana ƙamshin turare, da takalmi mai tsini.

"Haba Baba, ni? Wata takwas ina rubuce-rubuce, ina tashi in kira mutanen da ranarsu ba tamu ba ce, ina aika zane ana dawo mini da shi. Sai da na yi furfura a kan wannan ƙarfe. Baƙon kuwa mai son a ƙera masa na bokiti ne, na kawo shi ya ga irin aikina."

"Da ka sayar masa da wannan ai ka huta da wata takwas."

Ya yi dariya. "Ba ka san sana'ar ba. A cikin mazubin an sassaƙa tambarin Hajiya. Duk murfin da ya fito da sunanta yake fitowa. Wanda ya ɗora shi a injinsa, kwana biyu ya isa a kama shi a kasuwa."

"To masu sayen tsohon ƙarfe fa?"

"Wannan kam zai yiwu."

Na kai shi gaban bangon na nuna masa jan feshin. Ya duba, dariyar ta ɗauke.

"Ruwa ne. Akwai hanyoyin ruwa a cikin mazubi, su ke sanyaya shi. In an sauke shi dole a hura iska a fitar da ruwan tas, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta ciki. Wannan an hura." Ya ɗaga gwangwanin giris da ke gefe, ya leƙa. "Har an shafa masa mai."

"Mai kai ƙarfe a narka zai tsaya shafa masa mai?"

"Ina! Ko kusa."

Na sallame shi. Hannunsa ma ya fi na jariri laushi. Na tsaya ina tunani: abin da ba ya sayuwa, ba ya moruwa, an ɗauke shi da lallami kamar mara lafiya. Wane ne ke satar irin wannan?

* * *

Ƙarfe biyu da rabi ƙafafuna suka ƙi. Babu kujera kusa, na zame na zauna a ƙasa, na jingina da injin, ko kunya ban ji ba. Daga nan ne na hango wani abu shuɗi can ƙarƙashinsa, bayan ƙafar ƙarfe, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Na zaro shi da sandata. Murfin jarka ne.

Na shafa shi da babban yatsa. A samansa, kusa da tambarin, akwai wani siririn tudu kamar an ɗora zare.

"Rediyo, zo ki yi abin da kika iya. Wannan naku ne?"

Ta karɓa, ta juya shi, ta kai shi wajen haske. Karon farko ke nan da na ga bakinta a rufe.

"Namu ne. Amma wallahi bai bi ta hannuna ba. Ni fa kowane murfi sai na shafa kafin ya shiga buhu. Har biyar da rabi na Asabar da na tashi, babu mai tabo ko ɗaya."

"Me ke kawo shi?"

"Ciwo ne a fuskar mazubin. Fuskar tana sheƙi ne kamar madubi, in ta ƙwarzane, duk abin da ta haifa da tabon zai fito." Ta dafe ƙirji. "Wani ya taɓa shi da ƙarfe!"

"Da me ya kamata a taɓa shi?"

"Da sandar tagulla mana. In murfi ya maƙale da ita ake zaƙulo shi, don tagulla ba ta iya yi wa ƙarfe rauni. Ita ce doka ta farko a gidan nan. Baba Maƙeri ya taɓa sa an kori mutum don kawai ya gan shi ya nufi mazubi da sukundireba. Dogo kuwa sandarsa a aljihunsa take kwana."

"Da kika tashi, wa kika bari?"

"Dogo, yana shirin kashe inji. Da Baba Maƙeri." Ta dube ni. "Ni dai ban..."

"Na sani, ba ki ce komai ba. Ki ci gaba da hakan har huɗu."

Ta ba ni hannu na miƙe. Ashe ba sata ce ta farko ba, ɓarna aka fara yi, satar ta biyo baya don ta rufe ta.

* * *

Na ja kujera na zauna a gaban teburin Maƙeri. Sa'ana ne, ko ya girme ni da kaɗan. Kayan aikinsa a jere, kowanne da mazauninsa, manya a dama, ƙanana a hagu. A cikin wani gwangwani akwai sanduna biyar ko shida, tsayinsu ɗaya, wasu jajaye na tagulla, wasu farare na ƙarfe.

"Sannu da aiki, Malam."

"Sannu kadai. An samu?"

"Ana nema. Wani dutse ne ya shige mini ƙasan takalmi. Ɗan miƙo mini sandar tagullar nan in cire."

Ya miƙa hannu. Hannun ya yi shawagi a kan gwangwanin, ya zaro ɗaya, ya kawo ta kusa da fuska. Sannan ya ɗan ƙwanƙwasa ta a gefen tebur, ya karkata kunne. Ta yi ƙara siririya. Ya mayar, ya zaro wata, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini.

Na karɓa, na yi ta tonon takalmin da babu komai a cikinsa. Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san wanda ya fi ba.

"Malam, uku ta wuce. Wancan bawan Allah yana ɗakin ajiya."

"Hajiya ba za ta kai shi ba. Na san ta tun tana rarrafe. Tsoratarwa ce."

"Na ji ta tana waya. 'Yan sanda sun ce suna tafe."

Ya ci gaba da juya ƙyallensa. Na jira. Na ba shi minti biyar cur, ina kallon agogo, ina roƙon Allah ya buɗe bakinsa ya hutar da ni. Da ya tashi ɗauko ruwa na ga yadda yake jan ƙafar hagu.

* * *

Huɗu saura kwata na ce a tara kowa a gaban injin tsakiya, a fito da Dogo. Hajiya ta tsaya ta harɗe hannu. Maigadi na raɓe da ƙofa, Dillali na duba wayarsa, Maƙeri ya tsaya a baya.

Na ce, "Maigadi ya bar ƙofa awa biyu, wannan tsakaninsa da Hajiya ne, amma bai ɗauki komai ba. Dillali surutu ne da shi, ba shi da ƙarfin tura amalanke. Dogo kuwa, wanda ya tura kayan nan sau shida ya huta kafin kwalta. Ku dube shi ku gaya mini ko ya yi kama da mai hutawa."

"To wane ne?" in ji Hajiya.

"Sunansa bai dame ni ba, don ko an same shi mazubinki ya riga ya tashi aiki. Wani sakarai ne da bai san darajar ƙarfe ba. Ya fizge shi da gaggawa, ya bar ruwa cike a cikinsa, ko mai bai shafa masa ba. Kwana biyu ke nan, tun Asabar, ruwan na kwance a ciki. Yanzu haka tsatsa ta gama cin cikinsa, ya zama na masu gwangwan."

Dillali ya buɗe baki, na harare shi ya rufe.

"Ƙarya ne!"

Daga bayan mutane muryar ta fito. Kowa ya waiwaya.

"Ƙarya kake! An hura shi, hanya huɗu, ɗaya bayan ɗaya, har sai da iska ta fito a bushe. An shafa masa mai, an lulluɓe shi. Shekara talatin da takwas ban taɓa kwantar da mazubi da ruwa a cikinsa ba, ba kuma zan..."

Sai ya ji abin da yake faɗa. Ya tsaya.

Dogo ya runtse ido, ya sunkuyar da kai. Na ciro murfin daga aljihu na miƙa wa Hajiya, ta shafa tabon, ta dubi dattijon.

"Baba?"

Ya lalubi buhu ya zauna. "Murfi ɗaya ne ya maƙale, dab da tashi. Dogo ya fita wanke hannu. Na ce bari in cire masa. Na miƙa hannu na ɗauki sanda, na ɗauka tagulla ce." Ya nuna idanunsa. "Shekara biyu ke nan ja da fari duk ɗaya nake ganinsu. Da ƙara nake ganewa. Ranar ina sauri, ban ƙwanƙwasa ba. Na ji lokacin da ta ci fuskar, a hannuna na ji. Na buga zubi ɗaya in gani, na jefa murafan a injin niƙa. Ashe ɗaya ya faɗi."

"Makulli fa?"

"Ni na yanka miki naki da na Dogo. Na uku ba wuya ba ne. Na ce in kai shi ɗakina, bayan tasha, in goge shi in dawo da shi kafin Litinin, babu wanda ya sani. Na wuni a kansa. Hajiya, ko ganin tabon ban yi ba. Da yatsa nake bin sa. Duk inda na goga sai in ji na ƙara masa faɗi. Da rana ta faɗi na san ba zan iya ba, kuma ba ni da ƙarfin sake turo shi."

"Me ya hana ka gaya mini tun ranar Asabar?"

"In ce miki me? In ce ni, da na sa aka kori mutum a kan sukundireba?"

Idon Hajiya ya ciko. "Tun safe kana zaune a can, Baba. Kana ji ana kiran mutumin da kai ka kawo ɓarawo. Da huɗun ta yi fa? Da sun sa shi a mota, za ka yi magana?"

Ya dubi Dogo.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ta juya baya, ta kira waya, ta ce wa 'yan sanda kada su zo, an sasanta. Sannan ta dawo ta tsaya a gabansa, ta yi magana a hankali.

"Kai ka riƙe hannuna na koyi tafiya a zauren nan. Ba zan kai ka ko'ina ba. Gobe Dillali zai nemo mai gyara, ko a ina yake. Ba ni makullin. Ka je gida ka huta, Baba."

Ya ciro shi ya miƙa. Kowa ya gane wane irin hutu ne. Ya koma teburinsa, ya tsaya yana shafa kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, bai ɗauki ko guda ba, ya fita.

Hajiya ta ce wa Dogo ya yafe mata. Rediyo ta ce ita dama tun farko zuciyarta ba ta kwanta ba. Dogo ya ce babu komai.

* * *

Ina bakin ƙofa ina jiran direba sai ga Dogo ya fito. Na gyara tsayuwa. Ba zan ɓoye ba, na sa ran godiya, ko da ta baki ce.

"Tun yaushe ka sani?" na tambaye shi.

"Tun bakwai na safe, da na buɗe ƙofa. Babu mai mayar da noti a kan maƙali sai shi. Shekara tara yana yi mini faɗa a kan haka." Bai dube ni ba, titin da tsohon ya bi yake kallo. "Idon ma na sani. Shekara biyu ina riga shi ɗaukar sanda in miƙa masa, ina yi kamar ladabi ne. Ranar Asabar kawai na fita wanke hannu."

"Da ka bari sun tafi da kai?"

"Na taɓa yin wata shida, Baba, ga ni ban mutu ba. Shi kuwa ba shi da mata, ba shi da ɗa, teburin nan ne kawai. Kana ganin zai kai wata shida a ɗaki shi kaɗai?"

Na buɗe baki in ce masa ba wata shida za a ba shi ba wannan karon, in ce masa yana da iyali, in ce masa gaskiya gaskiya ce. Duk daidai ne, amma ko ɗaya bai fito ba. Na sha zagi a wannan sana'a, daga ɓarayi da 'yan uwansu, ban taɓa kai shi zuci ba. Ranar ce ta farko da wanda na wanke ya ƙi haɗa ido da ni, kuma abin ya yi mini ciwo.

"Ka iya aikinka, Baba," ya ce. "Amma ni ban aika a kira ka ba."

Ya tsallaka titi da sauri, ya nufi bayan tasha.